FILIN ILMIN ZAMANI: Walƙiyar Rediyo Da Ɓoyayyen Ƙarfin Da Ke Buɗa Samaniya

 A wannan wata sama za mu ɗaga kai, mu duba wata matsala wadda ta hana masana ilmin taurari sakat fiye da shekara ashirin da biyar, kuma mu ga wani sabon shaida da suke fatan zai taimake su warware ta. Matsalar ita ce wani ƙarfi da ba a gani, wanda ke ta buɗa sararin samaniya. Shaidan kuwa wata irin walƙiya ce ta rediyo, wadda kan zo ta wuce tun mutum bai ƙifta ido ba. Sai ku gyara zama, domin zancen yana da 'yar tafiya.

Mu fara da abin da aka tabbatar. Ranar da ke haska mu tauraro ɗaya ce tak a cikin wani makeken garken taurari, wanda yawansu ya haura biliyan 100, watau miliyan dubu ɗari. Irin waɗannan garake kuwa suna nan barkatai ko'ina aka duba. A shekarar 1929 wani masani Ba'amurke mai suna Edwin Hubble ya nuna cewa garaken nan suna ta nisantar mu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi sauri. Ma'anar wannan ita ce sararin da ke tsakaninsu ne yake miƙewa. Alal misali, a ɗiga tawada wuri-wuri a jikin balan-balan, sa'an nan a hura shi. Kowane ɗigo zai nisanci ɗan'uwansa, alhali babu wanda ya bar inda aka ɗiga shi. Bisa lissafin masana, wannan buɗewa ta fara ne kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce.

To, shekara da shekaru kowa ya ɗauka cewa buɗewar tana rage sauri, tun da yake garaken suna jan juna, kamar yadda ƙasa ke jawo dutsen da yaro ya jefa sama. Ƙungiyoyi biyu na masana suka tashi auna yawan raguwar, kuma a 1998 suka sanar da abin da suka samu. Ɗaya tana ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗayar kuma Brian Schmidt ne ke jagorantarta tare da Adam Riess. Abin awonsu shi ne wata irin fashewar tauraro wadda aka san ainihin ƙarfin haskenta, ta yadda in an ga yadda ta dusashe, sai a san nisanta, kamar dai fitilar mota da aka hango daga nesa da dare. Da suka gama lissafi, sai suka tarar fashe-fashen sun fi yadda ake zato dusashewa, watau sun fi nisa. Buɗewar ƙara sauri take yi. Ku ɗauka an jefa dutse sama, ya fara rage gudu, can kuma sai ya ƙara mai ya yi gaba. Mutanen nan uku sun sami lambar yabo ta Nobel a 2011 saboda wannan aiki.

Abin da ke yin wannan turi shi masana suka raɗa wa suna ƙarfi mai duhu, mu kuwa a nan za mu kira shi ɓoyayyen ƙarfi. Sunan kawai aka ba shi, amma har yanzu ba a gane ko mene ne ba. Abin da aka iya yi shi ne auna rabonsa. In aka kasa duk abin da samaniya ta ƙunsa kashi 100, kimanin kashi 68 ɓoyayyen ƙarfi ne, kimanin kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne mai nauyi wanda ba ya haske, sauran kashi 5 kacal su ne irin abin da muka sani, watau taurari da duniyoyi da iska da ruwa da jikinmu. Bayani mafi sauƙi shi ne wanda ya samo asali daga Albert Einstein tun 1917, cewa shi kansa sararin da babu kome a ciki yana da wani ƙarfi nasa, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A kan wannan zato aka gina kusan dukan lissafin samaniya na wannan zamani.

Sai dai ginin ya fara nuna tsaga a wuri biyu. Na farko, an auna saurin buɗewar ta hanya biyu, amsa ta ƙi zama ɗaya. Kumbon Planck na ƙasashen Turai ya nazarci hasken da ya fi kowane tsufa, wanda ya taso tun samaniya tana da shekara 380,000, kuma sakamakonsa na ƙarshe a 2018 ya ba da kimanin 67. Su kuma Riess da abokan aikinsa sun auna taurari da fashe-fashen da ke garake na kusa, a 2022 suka sami 73. Waɗannan lambobi suna nufin kilomita nawa a daƙiƙa saurin garke ke ƙaruwa a duk tazarar da haske zai yi shekara miliyan 3.26 yana ci. Mai karatu zai ce ai bambancin shida ne kawai. Haka ne, amma kowane ɓangare ya ce kuskuren awonsa bai fi ɗaya ba. In tela biyu suka auna yadi guda, wannan ya ce kamu 67, wancan ya ce 73, kuma kowa ya rantse da abin awonsa, to, ko dai awon wani ya karkace, ko kuwa akwai abin da ba a fahimta ba game da yadin kansa.

Tsaga ta biyu ta fito ne daga wata na'ura mai suna DESI, wadda aka ɗora a kan wani madubin hangen nesa mai faɗin mita 4 a dutsen Kitt Peak, cikin jihar Arizona ta Amurka. Tana da ƙananan idanu 5,000 masu juya kansu, kowane yana kallon garke guda a lokaci ɗaya. Ta fara aiki a 2021, kuma a watan Maris na 2025 aka fitar da sakamakon shekara uku, wanda ya ƙunshi garake da wasu fitilun samaniya masu nisa kusan miliyan 15. Da aka haɗa shi da sauran awo, sai alamu suka nuna kamar ɓoyayyen ƙarfin yana raguwa da tafiyar zamani. Masana suna da ƙa'ida cewa ba a kiran abu tabbatacce sai ƙarfin shaidarsa ya kai mataki na 5 a ma'auninsu, wannan kuwa ya tsaya ne tsakanin 2.8 da 4.2, gwargwadon awon da aka haɗa shi da shi. Saboda haka ba a yanke hukunci ba. Amma abin ba na wasa ba ne. In ƙarfin tsayayye ne, garake za su yi ta nisantar juna har abada, samaniya ta yi ta sanyi tana duhu. In kuwa yana canzawa, to, sai an sake lissafin makomarta daga tushe, kuma littattafan da ake koyar da ɗalibai da su sai an yi musu gyara.

In shaidu biyu suka saɓa a gaban alƙali, abin da ake nema shi ne na uku wanda bai haɗa hanya da ko ɗayansu ba. A nan ne walƙiyar rediyo ta shigo.

Labarinta ya faro a 2007 a Jami'ar West Virginia ta Amurka. Wani malami, Duncan Lorimer, ya ba ɗalibinsa David Narkevic aikin bincika tsofaffin bayanan da wani babban faifan sauraron sama mai faɗin mita 64 ya ɗauka a Parkes, ƙasar Ostireliya. A ciki ɗalibin ya ci karo da wata ƙara mai ƙarfin gaske da aka ɗauka tun watan Yuli na 2001, wadda ba ta kai kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Shekara shida tana kwance a ajiye ba wanda ya lura. Masana da yawa suka yi tababa, kuma suna da dalili, domin faifan na Parkes yakan kama wasu ƙararraki masu kama da ita waɗanda ake zargin daga nan ƙasa suke. A 2015 wata ɗaliba mai neman digirin dakta, Emily Petroff, da abokan aikinta suka gano tushen waɗannan na bogi. Ashe na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikatan wurin. Duk sa'ad da mai gaggawa ya buɗe ƙofarta tun ba ta tsaya ba, sai ta saki 'yar ƙarar rediyo, faifan ya kama. Wannan bincike ya raba tsaki da tsakuwa, aka ware na kicin gefe, aka tabbatar cewa sauran daga can nesa suke.

Daga nan sai abubuwa suka yi ta zuwa a jere. Faifan Arecibo na tsibirin Puerto Rico, wanda ya rushe a Disamba 2020, ya kama wata walƙiya a 2012, kuma a 2016 aka sanar cewa tana maimaita kanta daga wuri guda. Da yake tana dawowa, an samu damar yi mata kwanto, har a 2017 aka gano gidanta, wani ɗan ƙaramin garke mai nisan tafiyar haske ta shekara kimanin biliyan 3. Sai a tuna haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Kafin ƙara ta taso daga irin wannan nisa har a ji ta a nan, lalle ƙarfinta ya wuce misali, kuma an ƙiyasta cewa a ɗan wannan lokaci walƙiya guda kan fitar da abin da rana za ta yi kwanaki tana fitarwa. A Kanada kuma akwai na'urar CHIME, mai kama da manyan indararo huɗu a kwance, kowane tsawonsa mita 100. Abin sha'awa, an gina ta ne tun asali domin auna ɓoyayyen ƙarfi ta hanyar bin sawun iskar haidirojin, sai ga shi ta zama gwanar kama walƙiya. Jerin farko da ta fitar a 2021 yana da 536, daga baya adadin ya shiga dubbai. An ƙiyasta cewa dubbai ne ke faruwa kowace rana a faɗin sama, galibinsu ba mai sauraro.

Me ke haddasa su? A ranar 28 ga Afrilu, 2020, aka kama irin wannan walƙiya a cikin garkenmu, daga wani mataccen tauraro mai nisan tafiyar haske ta shekara kimanin 30,000. Irin wannan tauraro faɗinsa kimanin kilomita 20 ne kacal, amma ya fi rana nauyi, kuma maganaɗisunsa ya fi na kowane abu da aka sani ƙarfi. Wannan ya nuna cewa aƙalla wasu daga cikin walƙiyoyin daga irinsa suke fitowa, ko da yake masana suna ganin mai yiwuwa tushen ya fi ɗaya.

Yanzu ga inda amfaninta yake. Duk mai sauraron rediyo ya san akwai gajeren zango da dogon zango. Ita walƙiyar nan takan taso da zanguna iri-iri gaba ɗaya, a lokaci guda. Da a ce hanyar fayau take, da tare za su iso. Amma tsakanin garake akwai wata siririyar iska mai ɗauke da ƙwayoyin lantarki da ake kira ilaktaron, kuma waɗannan ƙwayoyi sun fi jinkirta dogon zango a kan gajere. Ku tuna ayarin fataken da kan tashi daga Salaga da goro su nufi Kano. In hanya mai tauri ce, masu kaya marasa nauyi da masu jakai masu nauyi kusan tare za su sauka. In kuwa an ratsa rairayi mai yawa, masu nauyi za su yi baya, kuma mai masauki mai hankali, daga ganin tazarar da ke tsakanin na gaba da na ƙarshe, zai iya faɗin yawan rairayin da aka keto. Haka masana ke yi. Suna auna jinkirin da ke tsakanin gajeren zango da dogo, su san adadin ƙwayoyin da walƙiyar ta ratsa tun daga gidanta har zuwa nan.

Wannan dabara ta riga ta biya bashi guda. Mun ce kashi 5 ne irin abin da muka sani. To, ko a cikin wannan kashi 5 ɗin, tun shekarun 1990 masana in sun ƙirga taurari da iskar da suke iya gani, sai su tarar kusan rabi ya ɓace. Ana zaton yana warwatse ne tsakanin garake, amma ya yi sirantar da madubi ba ya kama shi, domin a tsakaice ko ƙwayar zarra ɗaya ba a samu a cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa mita ɗaya-ɗaya ne. A watan Mayu na 2020 Jean-Pierre Macquart da abokan aikinsa, ta amfani da faya-fayai 36 na ASKAP a yammacin Ostireliya, suka auna jinkirin wasu 'yan walƙiyoyi da ba su kai goma ba, waɗanda aka san garakensu, sai lissafi ya cika daidai. Makonni kaɗan bayan fitar aikin Macquart ya rasu yana da shekara 45, kuma dangantakar nan ta nisa da jinkiri sunansa take ɗauke da shi. A watan Yuni na 2025 Liam Connor da wasu suka maimaita awon da walƙiya 69, suka sami cewa kimanin kashi 76 cikin 100 na irin abin da muka sani yana tsakanin garake ne, kimanin kashi 15 yana kewaye da su, ɗan abin da ya rage ne kawai ke cikin taurari da iskar cikin garake.

To, yaya za a juya wannan kan ɓoyayyen ƙarfi? Kowace walƙiyar da aka gano gidanta tana ba da lamba biyu. Ta farko daga hasken garken take fitowa: tun da sarari yana miƙewa, hasken da ya daɗe a hanya shi ma yakan miƙe ya karkata zuwa ja, kuma yawan karkatar yana faɗin sau nawa samaniya ta buɗe tun tasowarsa. Ta biyu ita ce jinkirin, mai faɗin yawan ƙwayoyin da aka ratsa, wanda ya dogara ga tsawon hanyar. Tsawon hanyar kuwa ya dogara ga yadda buɗewar ta gudana a kowane zamani, da sauri ko a hankali. Saboda haka in aka jera walƙiyoyi na kusa da na nesa, aka gwada lambobin nan biyu, za a iya karanta tarihin buɗewar, a ga ko turin tsayayye ne ko mai canzawa. Kuma wannan awo bai jingina da fashewar taurari ba.

Amma kada mu yi saurin buga tambari. Akwai cikas uku. Na ɗaya, garken da walƙiyar ta fito yana da tasa iskar, garkenmu ma haka, kuma dole a cire rabonsu, alhali na can ƙiyasi ake yi. Na biyu, iskar tsakanin garake ba shimfiɗe take bai ɗaya ba, wani wuri ta taru, wani wuri fayau, don haka walƙiya biyu masu nisa ɗaya kan zo da jinkiri daban. Na uku, kama walƙiya ya fi gano gidanta sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa waɗanda aka san garakensu 'yan kaɗan ne a cikin dubban da aka kama. Gwaje-gwajen da aka yi a 2022 don auna saurin buɗewar da walƙiya sun ba da amsa mai kuskuren da ya kai goma ko kusa da haka, watau 67 da 73 duk sun shige ciki. Shaidan ya iso kotu, amma muryarsa ba ta fita sosai tukuna. Maganin cikas na biyu da na uku shi ne yawa, domin in walƙiyoyin da aka san gidansu suka kai dubbai, bambancin hanyoyi zai daidaita kansa, kamar yadda malami ba ya auna aji da jarrabawar yaro ɗaya. A ganinmu, wanda ya ce walƙiyar rediyo ta warware zancen ɓoyayyen ƙarfi ya yi azarɓaɓi, wanda kuma ya raina ta ya manta cewa cikin shekara 13 kacal da gano ta ta nemo rabin kayan da suka ɓace.

Nahiyarmu ma tana da hannu a wannan aiki. A yankin Karoo na Afirka ta Kudu akwai MeerKAT, faya-fayai 64 da aka ƙaddamar a 2018. A watan Maris na 2024 ta kama wata walƙiya wadda ta taso tun samaniya tana da shekara kimanin biliyan 3, kuma madubin James Webb da ke sama ne ya gano ɗan garkenta. Irin waɗannan na nesa su ake nema ruwa a jallo, domin sun ratso zamanin da ɓoyayyen ƙarfi bai rinjayi jan da garake ke yi wa juna ba. A Disamba 2022 aka fara ginin SKA, wani gagarumin tarin na'urorin sauraron sama da aka raba tsakanin Afirka ta Kudu da Ostireliya, kuma Gana tana cikin ƙasashen Afirka takwas da suka yi tarayya da Afirka ta Kudu a shirin. A Kuntunse, nan kusa da Ankara, akwai wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 da aka mayar na sauraron sama, aka ƙaddamar da shi a watan Agusta na 2017. A gwajin da aka yi a wannan shekara an haɗa shi da faya-fayan Turai suka saurari wuri guda tare, kuma irin wannan haɗin gwiwa na faya-fayai masu nisa da juna yana cikin dabarun da aka bi aka nuna daidai inda walƙiyar nan mai maimaita kanta take.

Saboda haka, iyaye, in yaro ko yarinya a zangonmu ya nuna son lissafi da kimiyya, a ƙarfafa masa gwiwa, a saya masa littafi, kada a ce masa wannan karatun na wasu ne. Ɗalibi ne ya tsinci walƙiyar farko a cikin tsofaffin bayanai, ɗaliba ce kuma ta bi diddigi har ta kama na'urar ɗumama abinci. Abin da suka shiga aikin da shi shi ne lissafi da haƙuri da kula da abin da wasu suka tsallake, kuma waɗannan ana fara koyonsu ne tun daga firamare. Mai tambaya a kan abin da muka kawo sai ya rubuto ta hannun edita. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.